Wace Kalma Za Mu Tsayar Wa "Proxy War" A Hausa?

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu fassarar labarai, malaman Hausa, da duk mai kunnen harshe. Akwai wata kalma da ba a rabuwa da ita idan ana maganar Yaman, Libiya, Siriya ko Sudan. Turawan Ingila na cewa proxy war, Larabawa na cewa harb bil wakala, 'yan'uwanmu na Nijar kuma sun saba jin guerre par procuration. Mu har yau ba mu tsayar da tamu ba. Muna da yaƙin basasa, muna da yaƙin sunƙuru, muna da yaƙin cacar baka, duk sun zauna daram a bakin mai karanta labarai da kunnen mai saurare. Wannan kuwa kowa da yadda yake kewaye ta, wani ya ja jimla mai tsawo, wani ya tsallake ta gaba ɗaya ya ce "rikici" kawai.

Ga abin da ake nufi. Ƙasashe biyu masu ƙarfi suna gaba da juna, amma babu mai son a gwabza ido da ido. Sai kowace ta nemi ɓangare a wata ƙasa mai rauni, ta riƙa ba shi kuɗi, makamai, horo, da kariya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Gidajen da ake rushewa na masu ƙasar ne, gawarwakin ma nasu ne. Ina son mu samo kalmar da dattijo mai rediyo a kunne zai ji sau ɗaya ya gane duk wannan.

Wani malamin Larabci daga Zariya ya rubuto: "Ai ba sai an wahala ba. Wakala ita ce wakilci, kalmar tamu ce tun tuni. A ce yaƙin wakilci."

Allah ya gafarta Malam, na san wannan ita ce za ta fara zuwa zuciyar duk wanda ya san Larabci. Abin da ya tsayar da ni shi ne mutuncin da wakili yake da shi a wurinmu. A wajen ɗaurin aure, wakilin ango yana zama a gaban liman, a tambaye shi a gaban shaidu, ya amsa da sunan wanda ya turo shi, kowa na ji. Wakilci abu ne na fili, da yardar kowa, kuma wanda ya wakilta ba ya musun wakilinsa. A irin yaƙin da muke magana, musun shi ne rabin aikin. Iran ta daɗe tana musanta cewa ita ke ba 'yan Huthi na Yaman makamai. Hadaddiyar Daular Larabawa tana musanta cewa tana taimakon dakarun RSF na Sudan. Ƙungiyar Hizbullah ta Lebanon ce kawai na san shugabanta na wancan lokaci, Hassan Nasrallah, ya fito a 2016 ya faɗa da bakinsa cewa kuɗinsu da makamansu daga Iran suke zuwa. Sannan a kunnen ɗan Najeriya, wakilci na kai hankali ga majalisar wakilai. Wani zai ji "yaƙin wakilci" ya ɗauka ana faɗa ne kan rabon kujeru.

Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta ce: "To, tunda ɓoyewa ake yi, me zai hana a ce yaƙin bayan fage?"

Yaya, wannan tana da daɗin faɗa, kuma ta kama ɓoyon. Sai dai ta ɓoye har da yaƙin. Hannun mai taimako ne yake bayan fage, yaƙin kansa a tsakiyar fage yake. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2021 yaƙin Yaman ya ci rayuka kimanin 377,000, kusan kashi 60 cikin ɗari ta hanyar yunwa, cuta da rashin magani. Ba zan iya kiran abin da ya yi wannan ɓarna na bayan fage ba.

Shawarar da ta fi samun goyon baya ita ce ta wani matashi daga Kano: "Yaƙin karnukan farauta. Maigida ya ce cas, kare ya ce as. Shi ke nan."

Ƙanena, a nan zan daɗe, domin wannan ce na fi tsoron ta kama baki. Gaskiya ne Hausawa na kiran wanda ake amfani da shi karen farauta, kuma kalmar tana da kaifi. Amma tana koya wa mai saurare abin da ba haka yake ba, wato cewa mutanen da ke faɗan ba su da nasu dalili, da uban gida zai ce a tsaya, da an tsaya.

Mu duba Yaman a tsanake. 'Yan Huthi daga yankin Sa'ada suke, a arewacin ƙasar, mabiya mazhabar Zaidiyya, wani reshe na Shi'a, wadda limamanta suka mulki arewacin Yaman na ƙarnoni har zuwa 1962. Ƙorafinsu na cewa an mayar da yankinsu saniyar ware ya girmi zuwan makaman Iran. Sojojin shugaban Yaman na wancan lokaci, Ali Abdullah Saleh, sun kashe jagoransu, Hussein al-Huthi, a 2004, kuma daga wannan shekara zuwa 2010 an gwabza sau shida tsakaninsu da gwamnati. Da suka kama Sana'a a Satumban 2014, da haɗin bakin Saleh ɗin nan suka kama ta, mutumin da ya yaƙe su shekara da shekaru. Da ya nemi juya musu baya a Disambar 2017, suka kashe shi. Duk wannan lissafin cikin gida ne. Iran ta samu wuta tana ci ta ƙara mata itace.

Ku koma baya kaɗan ma ku ga abin mamaki. A yaƙin basasar arewacin Yaman na 1962 zuwa 1970, Masar ta Jamal Abdul Nasir ta tura dubban sojoji don kare 'yan jamhuriya. Wa ya tsaya wa limamin Zaidawa, Muhammad al-Badr, da kuɗi da makamai? Saudiyya. Ƙasar da ta jagoranci ƙawancen da ya fara ruwan bama-bamai a kan 'yan Huthi a Maris na 2015, ita ce shekaru hamsin kafin nan ta goyi bayan kakanninsu. Wanda ya riƙe wannan a ransa ba zai yarda a ce masa faɗan Sunna da Shi'a ne tsantsa ba, kamar yadda ake yawan yi mana bayani a majalisu da wuraren shan shayi.

Akwai kuma hujja ta kwanan nan. A Maris na 2023 Saudiyya da Iran suka sasanta a birnin Bejin, suka amince su sake buɗe ofisoshin jakadanci. Hakan ya rage zafi, amma bai haɗa Yaman wuri ɗaya ba. Sana'a tana hannun 'yan Huthi, kuma daga Nuwamban 2023 suka shiga kai wa jiragen ruwa hari a Bahar Maliya. Hatta a cikin ƙawancen da ke yaƙarsu, an ga yara sun bi son ransu. A Agustan 2019 'yan awaren kudu, waɗanda Hadaddiyar Daular Larabawa ke goya wa baya, suka ƙwace Aden daga hannun gwamnatin Abdu Rabbu Mansur Hadi, wadda Saudiyya ke goya wa baya. Kalmar karen farauta ba za ta iya ɗaukar wannan labari ba. Ƙari a kan haka, zagi ce. Mai sharhi zai iya amfani da ita idan ransa ya ɓaci, amma mai karanta labarai ba zai kira wani ɓangare kare ba.

Wani kuma ya kawo "yaƙin sojan haya". Wannan wani abu ne daban, kuma muna buƙatarsa a inda yake. Lokacin da Khalifa Haftar, jagoran dakarun gabashin Libiya, ya tasar wa Tarabulus, babban birnin ƙasar, a Afrilun 2019, Masar da Hadaddiyar Daular Larabawa da Rasha suna bayansa, Turkiyya tana bayan gwamnatin Tarabulus. A cikin wannan yaƙi akwai sojojin haya na gaske: 'yan Wagner na Rasha, mayaƙa daga Siriya, da wasu daga Sudan da Chadi. Su kuɗi ya kawo su. Haftar kuwa mulki yake nema wa kansa. Idan muka kira su duka da suna ɗaya, mun rasa bambancin. Kuma kada mu manta daga kudancin Libiyar nan 'yan tawayen Chadi na ƙungiyar FACT suka gangaro, a faɗan da ya yi sanadin mutuwar shugaban Chadi Idriss Deby a Afrilun 2021. Abin bai yi mana nisa ba.

Ga tawa shawarar: yaƙin ɗaurin gindi.

Duk Bahaushe ya san mai ɗaurin gindi. Idan aka ce wane yana abin da yake yi ne saboda an ɗaure masa gindi, abubuwa uku ake faɗa a lokaci guda. Shi ne mai aikata abin, kuma da son ransa yake yi. Akwai wani babba da ya tsaya masa, wanda ba don shi ba da bai kai haka ba. Kuma babban nan ba ya fitowa ya ce ni ne, ko da gari duka ya sani. Waɗannan ukun su ne ainihin abin da muke nema, kuma kalmar ba ta wanke kowa ba. Mai faɗa yana ɗauke da nasa alhaki, mai ɗaure masa ma haka.

Tana kuma juyuwa a jimla ba tare da wahala ba. Za a iya cewa, "Rikicin ya faro a matsayin yaƙin basasa, daga baya ya rikiɗe ya zama yaƙin ɗaurin gindi tsakanin Saudiyya da Iran." Za a iya cewa, "Ƙasashen da ke ɗaure wa ɓangarorin gindi sun gana a Jidda." Ga suna, ga aikatau, ga masu aikatawa, duk daga tushe ɗaya.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin gidan rediyo, ya ja hankalina: "Ɗana, kalmar gindi a kanun labarai? Wasu za su ji nauyinta."

Ranka ya daɗe, na karɓi wannan da hannu biyu, domin kun fi mu sanin abin da kunnen jama'a ke ɗauka. Abin da ya ba ni ƙwarin gwiwa shi ne mun riga mun saba jin ana zargin jami'ai da ɗaure wa ɓarayi gindi, ko a ce an zauna a gindin bishiya, ko magana ta zauna da gindinta, ba wanda ke sunkuyar da kai. Idan gidan rediyo ya ga dai ta yi nauyi a kanu, yana iya cewa "yaƙin iyayen gida" a can sama, ya dawo da ɗaurin gindi a cikin labarin. Na fi son ta farkon, saboda iyayen gida ta karkata ga masu taimako, ta rage nauyin masu faɗan.

Na gwada ta a kan Sudan, inda dangi Hausawa da yawa ke zaune, musamman a yankin Blue Nile. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin shugaban sojojin ƙasar, Abdel Fattah al-Burhan, da jagoran RSF, Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti, faɗan janar biyu ne kan mulki da makomar rundunar RSF. Kwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce akwai ƙamshin gaskiya a zargin cewa makamai na isa ga RSF ta garin Amdjarass na gabashin Chadi, daga Hadaddiyar Daular Larabawa, ita kuma ta musanta. Sudan ta kai ƙara kotun duniya a 2025, kotun ta ce ba ta da hurumin sauraro. Ga masu faɗa da nasu buri, ga zargi, ga musu. Kalmar ta zauna.

Iyakarta ɗaya, kuma ya kamata masu fassara su kiyaye. Ranar da mai ɗaure gindi ya tura jiragensa ko sojojinsa da tutarsa, kamar yadda Saudiyya ta yi a Yaman a 2015 ko Rasha a Siriya a 2015 ɗin, ya wuce ɗaurin gindi. A nan sai a ce ya shiga yaƙin da kansa.

Abin da ya rage, wanda nake son masana su taya mu, shi ne gajeren suna ga ɓangaren da ke karɓar taimakon. "Waɗanda aka ɗaure wa gindi" ya yi tsawo a kanun labari, "yaran wane" kuma na komawa ga raini irin na karen farauta. Mutanen Sakkwato, Maraɗi, Kumasi da Damazin, ku faɗa mana yadda ake kiran irinsu a wajenku.