Ƙasusuwan Gadufawa, na wa ne?

Ɗan Birni (Damagaram): Jama'a, raina ya ɓaci. Yarona ya dawo daga lakwal da littafi cike da hotunan dinozor (manyan dabbobin zamanin da da suka ƙare) na Amurka, babu na Nijar ko ɗaya. Alhali a Gadufawa, cikin Tenere, aka tono dinozor Nigersaurus, mai haƙora kusan 500, da ta rayu shekaru kusan miliyan 110 da suka wuce. An kwashi ƙasusuwanmu zuwa Shikago, ƴaƴanmu ko sunansu ba su sani ba.

Ɗan Agadas: Yaya, "ƙasusuwanmu" kuma? Yaushe Gadufawa ta dawo Damagaram? Jaharmu ce. Dinozor Jobaria ma da masanin Amurka Paul Sereno ya bayyana a 1999, a yankin Ingal aka tono ta.

Ɗan Birni: Nijar nake nufi, ƙanena.

Ɗan Agadas: In an samu abin alfahari Nijar ce, in ana maganar hanya da ruwan sha kuwa Agadas ce ita kaɗai.

Hajiyar Zango: Ni miliyan 110 ɗin ce ta tsaya mini a wuya. Wa ya ƙirga? Ku ji tsoron Allah.

Mushen lise: Hajiya, dutse ake aunawa. Laka da yashi suna kwanciya hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Yuraniyom da ke cikin wasu duwatsu kuma yana rikiɗa ya zama dalma da saurin da aka sani, sai a lissafa shekarun. Wancan zamani Tenere koguna ce, har da kada Sarcosuchus da ya haura mita 9. Dinozor sun ƙare shekaru miliyan 66 da suka wuce, tun babu ɗan Adam.

Hajiyar Zango: Yawwa, yuraniyom! Wanda Faransa ta yi ta kwasa a Arlit tun 1971?

Ɗan Agadas: Arlit ma tamu ce.

Ɗan Sabon Gari: Ku me kuka samu? Mu da matatar mai a ƙofar gida ba mu cika baki ba.

Mushen lise: Don Allah a koma kan littafin yara. Akwai ƙwarangwal a gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai.

Ɗan Sabon Gari: Komai Yamai!

Shugaban zaure: Na rufe zancen. Abin da na fahimta, Ɗan Birni ya yi gaskiya, ƙasusuwan na dukan ƴan Nijar ne, kuma Damagaram da ta riƙe babban birni har 1926 ita ta cancanci gidan ajiye su. Ɗan Agadas bai kawo hujja ba. Tambayar Hajiya a kai wa malamai.