Wata uku na gwaji sun cika, patoro ya ce a ƙara uku

Mai tambaya, daga Garin Malam: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ne aka ɗauka mai kula da magaza a wani shagon sari kusa da kasuwar Dole, nan Damagaram. An ce masa gwaji ne na wata uku, da baki kawai, ba takarda, ana ba shi jika 25 a wata. Watan uku sun cika makon jiya, patoro, wato mai shagon, ya ce a ƙara wasu uku "a ƙara ganin hannunsa". Shin haka gwaji yake? In an sallame shi gobe, yana da wani haƙƙi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ake wa ƙanenka ba shi ne gwajin da doka ta sani ba. A dokar ƙwadago ta Nijar, ta 25 ga Satumba 2012, gwaji sai an rubuta shi, an faɗi tsawonsa, an sa hannu tun ranar farawa. In babu rubutu, ana ɗaukar mutum a matsayin wanda aka ɗauka aiki kai tsaye. Amfanin gwaji ɗaya ne: a cikinsa kowane ɓangare yana iya cewa ya fasa, ba wa'adin sanarwa, ba kuɗin sallama. Wannan damar ce masu shaguna ke so su riƙe har abada, shi ya sa doka ta yi mata iyaka.

Tsawon ya danganta da matsayin ma'aikaci. Mai karɓar kuɗin awa ko na yini, kwana 8. Mai albashin wata, wata 1. Masu kula da wasu da manyan ma'aikata ne ke kaiwa wata 3. Ana iya sabuntawa sau ɗaya, shi ma a rubuce, kuma kafin na farkon ya ƙare. Mai kula da magaza ɗan albashin wata ne, ka ga wata ukun farkon ma sun yi yawa, balle shida.

Wata 'yar uwa mai aikin lissafin albashi: Ni jika 25 ɗin ce ta tsaya mini a rai. Gwaji ba ya rage albashi. Ana biyan mutum kuɗin matsayin da aka ɗauke shi a kai, kuma mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun Janairun 2024. Ke nan kowane wata akwai jika 17 da ba a ba shi ba, wata uku jika 51. Bashi ne a kan mai shago.

Sai maganar Kes, wato CNSS, asusun ƙasa mai kula da fansho da hatsarin aiki na ma'aikata. Daga ranar farko ya kamata a yi masa rajista. Mutane suna raina wannan sai ranar da buhun shinkafa ya zamo daga saman tari ya karya wa yaro ƙafa. A nan ne patoro zai ce ai ɗan gwaji ne, ya kai shi wajen mai ɗori ya ba shi jika biyar, shi ke nan. Hatsarin aiki ana sanar da shi cikin awa 48, kuma wanda ba shi da lambar Kes wahala yake sha kafin a karɓi takardunsa. Kwanakin hutu ma suna taruwa a lokacin gwaji, kwana biyu da rabi kowane wata.

Wani dattijo ɗan sindika: Duk gaskiya suka faɗa, amma ɗana, kada ka tura yaro gobe da safe ya je yana karanta wa mai gida doka a gaban lebura. Za a kore shi kafin azahar, sannan a ce ba a ma san shi ba. Shaida tukuna. Tunda ba kontira, ya tara duk abin da ke nuna yana aiki a wurin: hoton shafukan kundin shigar kaya da fitarsu masu rubutun hannunsa, takardun karɓar kaya da ya sa wa hannu, saƙonnin WhatsApp da patoro ke aiko masa, ranar da ya fara, da mutum biyu da suka gan shi kullum, ko direban da ke sauke kaya ne. In ta waya ake turo masa albashi, kada ya goge saƙon.

In ya haɗa waɗannan, sai ku sami wani babba da mai shagon ke jin nauyinsa, ku je a nemi a rubuta kontira cikin lalama. Da yawansu ba mugunta ba ce, haka suka taras ana yi a kasuwa. In ya ƙi, ofishin insifektan ƙwadago na nan Damagaram shi ne mataki na gaba. Ba a biyan ko dala. Insifekta zai kira ɓangarorin biyu ya nemi sulhu. In an daidaita a rubuta, in ba a daidaita ba ya ba da takardar rashin sulhu, da ita ake zuwa kotu.

Mai amsa ta farko, ya ƙara: Baba ya tuna mini wani tarko. In patoro ya ji motsi, zai iya kawo takarda yanzu mai cewa "gwajin wata uku" da kwanan watan baya, ko ya rubuta staj, wato zaman neman ƙwarewa, a maimakon aiki. Kada ya sa hannu. Staj da koyon sana'a kowanne da tasa takardar da nasa sharaɗi, kuma wanda aka damƙa wa makullin magaza ba ɗan koyo ba ne. In kuma kontira mai wa'adi aka kawo, ta wata shida ko shekara, gwajin cikinta ba ya wuce wata ɗaya. Ya karɓi takardar ya ce zai kai gida a karanta masa, ya ɗauki hoton kowane shafi. Ya duba ranar fara aiki da kyau: ta watanni ukun da suka wuce za a rubuta, domin daga ita ake ƙirga daɗewarsa a aiki ranar da za a yi lissafin sallama.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kundin magazar yana hannunsa, yau da dare zai fara ɗaukar hotunan.