Shawarwari kan haɗa ƙaramin kwale-kwalen filawud a gida

A tattaunawar da aka yi tsakanin wasu kafintoci da masunta a Gombe, an fi daɗewa kan ingancin katako. Galibi sun yarda cewa filawud ɗin da ake yin durowa da shi ba ya jure ruwa, don haka a nemi wanda aka yi musamman domin jirgi, mai kaurin milimita 6. Wani dattijo ya ce a yanki ɗan guntu a tafasa shi a tukunya. Idan ɓawonsa ya ɗaɗɗaye, to a haƙura da shi.

Wanda ya sayi allunan jirgin a yanke, sai ya ƙirga su tukuna, sannan ya ɗinke allunan da wayar tagulla ba tare da ya matse ba, har sai ya tabbatar jirgin bai karkace ba. Daga nan ne ake cike gaɓoɓin da gam ɗin ifoksi (gam mai ƙarfi da ake kwaɓawa ta hanyar haɗa ruwa iri biyu), a lulluɓe su da ƙyallen faiba (ƙyallen da aka saƙa da zaren gilashi).

Gam ɗin nan ne ya fi jawo muhawara, domin a zafin watan Afrilu yakan ɗau zafi ya daskare a cikin kofi tun ba a shafa rabinsa ba. A riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan da sassafe, bisa ma'aunin da kamfani ya rubuta, a kuma sa safar hannu. A ganina, fenti ma wajibi ne, tunda rana tana cin ifoksi.

Gwajin farko a yi shi a bakin gaɓa, da rigar ceto, kuma a madatsar ruwan Dadin Kowa da ke jihar Gombe a fara tambayar masunta inda dorina take kiwo.