Neman shawara: awon folifenol na ganyen maramiyya ya ƙi zama wuri ɗaya

Nana Aichatou:
Assalamu alaikum malamaina. Ina aikin kammala karatu nan Maradi kan yawan folifenol (wani rukunin sinadaran tsirrai) da ƙarfin antioksidan (ƙarfin kare abu daga lalacewar da oksijin ke jawowa) na ganyen maramiyya, wanda masu Faransanci ke kira soj. Na saye busasshe a kasuwa, na ƙara shanya shi a rana, na daka, na jiƙa a metanol tsantsa. Da na yi gwajin Folin (sinadarin da ke yin shuɗi idan ya haɗu da folifenol) sau uku, kowane da nasa lamba, kuma ruwan yana yin hazo fari maimakon shuɗi garau. Ina kuskuren yake?

Malam Issoufou:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Hazon nan metanol ne ya yi yawa a cikin kwalbar gwaji, ya haɗu da karbonat ɗin da ake zubawa a gwajin ya fitar da gishiri. Na'urar awon haske ba ta bambance shuɗi da hazo, duk abin da ya tare haske ƙirga shi take, shi ya sa lambobinki ke yawo. Ki sirka ruwan ganyen da tataccen ruwa sau 10 ko 20 tukuna. Sannan mililita 0.5 nasa, ki zuba mililita 2.5 na Folin da aka sirka sau 10, ki jira minti 5, sai ki ƙara mililita 2 na karbonat ɗin sodiyom mai kashi 7.5 cikin 100. Kada karbonat ya riga Folin shiga, domin Folin ba ya jimawa a ruwa mai kanwa-kanwa, lalacewa yake kafin ya yi aikinsa. Ki rufe a duhu awa ɗaya, ki karanta a na'ura, hasken a saita kan nanomita 765. In lambar ta wuce 0.8, ƙara sirki. Ma'aunin asid galik kuma, wato sinadarin da ake kwatanta samfurin da shi, daga miligram 0 zuwa 100 a lita, a haɗa shi rana ɗaya da samfurin, lokacin jiransu ɗaya.

Hajiya Rabi:
Ni tun daga kasuwa na ga matsalar, ƙanwata. Wace maramiyya ce? Wadda ake kawowa daga ƙasashen Larabawa sau da yawa Salvia fruticosa ce, ba Salvia officinalis ba, kuma sinadaransu ba daidai suke ba. Ki kai wa masanin tsirrai ya tantance kafin ki rubuta suna. Shanyar rana kuwa ta cuce ki. Ranar Maradi da ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba ta raga wa asid karnosik, ɗaya daga cikin sinadaran ganyen, zafi da haske da iska suna juya shi ya koma karnosol da wasu abubuwa. A inuwa ake shanyawa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙura, a daka ranar da za a jiƙa.

Salissou:
Abin jiƙon ma a sake shi. Asid rosmarinik, wanda ke cikin manyan folifenol na wannan ganye, ya fi fita idan akwai ruwa a cikin alkol. Gari gram 1 a mililita 20 na etanol mai kashi 70, kwalba mai duhu, awa 24 ana girgizawa, a tace. A jiƙa kashi uku daban-daban. Karanta kwalba ɗaya sau uku ba maimaici ba ne. Ki kuma busar da wani ɗan gari a digiri 105 har nauyinsa ya daina sauka, don lissafinki ya tsaya kan busasshen nauyi.

Nana Aichatou:
Na gode ƙwarai. To Malam, idan Folin ya daidaita, zan iya cewa shi ne ƙarfin antioksidan ɗin?

Malam Issoufou:
A'a. Folin ba folifenol kaɗai yake gani ba, har bitamin C da wasu nau'ikan sukari suna sa shi shuɗi. Sai kin haɗa da gwajin DPPH, sinadarin da launinsa ke dushewa idan ya haɗu da antioksidan: miligram 3.9 a mililita 100 na metanol, sabon haɗi kullum, kwalbar a naɗe da takardar alminiyom don haske na kashe shi. Minti 30 a duhu, karatu a nanomita 517. Ki yi sirki biyar ko shida don ki fitar da IC50, wato yawan ruwan ganyen da ke kashe rabin DPPH ɗin, kuma ki tuna ƙaramin lamba ne ke nuna ƙarfi, nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ruwan ganyen yana da nasa launi, don haka ki karanta shi shi kaɗai a metanol ki cire lambarsa daga ta gwajin.

Hajiya Rabi:
Kuma don Allah kada ki rubuta cewa yana maganin cuta kaza saboda ya kashe launi a kwalba, masu gyara za su tsayar da ke a nan. In za ki taɓo batun sha, ki ambaci sinadarin tuyon da ke cikin man Salvia officinalis, wanda yawansa kan jawo farfaɗiya, shi ya sa ake hana masu ciki da masu shayarwa yawaita shi. Ragowar ruwan jiƙon ki sa a firji a digiri 4, in wuta ta ɗauke ya kwana da zafi ki zubar ki jiƙa sabo.