An ɓata sunan Babanmu a shirin rediyo kai tsaye, tasha zan nufa ko hukuma?

Abu_Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen wanda ya taɓa shiga irin wannan. Ranar Laraba da daddare a wani shirin da ake buɗe layi masu sauraro su bugo, wani ya kira ya kama sunan Babanmu ƙarara, yace wai ya cinye kuɗin ƙungiyar iyayen yara da yake riƙe wa ma'aji. Mai gabatarwa bai katse shi ba, cewa ma yayi "to kun dai ji", ya ɗau kira na gaba. Ba wanda ya tuntuɓi Baba, ko kafin ko bayan. Ni ban ji da kunnena ba, ƙanwata ce taji, kuma bamu da rikodin. Baba yace shi baya son kotu kuma baya son sisin kowa, so yake a cikin wannan shirin dai a bashi dama ya kawo takardun asusun a karanta. To tashar zan fara zuwa ko hukumar da ke kula da kafafen yaɗa labarai? Suna karɓar ƙorafi ba rikodin? Ana biyan kuɗi?

Garkuwa01: Wa alaikumus salam. Kotu kawai malam. Ka samu lauya ka nemi diyya mai tsoka, in ba haka ba gobe ma zasu sake.

Ummu Khairat: Innalillahi. Allah ya saka wa Baba. Ni dai ku barsu da Allah, mai gaskiya baya taɓewa.

Tsohon_Furodusa: Garkuwa ai yace Baban baya son kotu, ku riƙa karantawa kafin ku amsa. Ɗan uwa na yi aikin rediyo shekaru, bari in gaya maka yadda abin yake daga ciki. Rikodin yana nan, sharaɗin lasisi ne tasha ta naɗi duk abinda ta watsa ta ajiye na wani lokaci, amma ba har abada ba, shi yasa jinkiri ne babban abinda zai cuce ka. Gobe da safe ka rubuta takarda zuwa ga manajan tashar, ba mai gabatarwar ba. Ka sa sunan shirin, rana, ƙarfe nawa, da kalmomin da aka faɗa gwargwadon yadda ƙanwarka ta riƙe. Ka nemi abu biyu, a adana rikodin ɗin, kuma a ba Baba damar maida martani a shiri ɗaya da lokaci ɗaya, kar su kai shi wani fili na tsakar dare da ba mai ji. Kayi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. A ƙasan takardar ka nuna ka aika kwafi ga NBC, wato hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta Najeriya, kuma ka aika ɗin da gaske. Damar martani tana cikin kundin ƙa'idojin NBC, ba alfarma bace. Kuma kar su ce maka "ai mai kira ne ya faɗa", duk abinda ya fita ta na'urarsu su ke da alhakinsa, shi yasa ake da maɓallin katse layi a gaban mai gabatarwa.

Maman Zahra: Hmm. Ina karanta wannan wlh hawaye ne ke zubo min. Ku kuna maganar suna, ni uwa na rasa. Hajiyarmu tana da ciwon suga, tana kan maganin asibiti lafiya lau tana harkokinta, sai ta kamu da sauraron wani mai magani da ya sayi fili a wata tasha, kullum bayan isha'i tana kwance rediyon na gefen filo. Mutumin yana rantsuwa yana cewa maganinsa na cire suga daga tushe, duk mai sha ya ajiye na asibiti, ana ta bugo waya ana cewa an warke. Bamu san ta daina shan nata ba sai ranar da na ɗaga katifarta zan canza zanin gado na tarar da katunan ƙwayoyin a jere, ko ɗaya ba a ɓalla ba. Lokacin ƙafa ta riga ta fara. Abinda ya biyo baya bazan iya rubutawa ba. Bayan an share makoki yayanmu yaje tashar, aka zaunar dashi a benci tun safe har azahar, daga ƙarshe wani ya fito yace masa wai fili ne aka saya, kuma ai suna faɗa a farkon shiri cewa ra'ayin mai shirin ne ba na tasha ba. Ya nemi rikodin aka ce an goge. Mu bamu ma san akwai wata hukuma da ake kai ƙara ba sai daga baya, lokacin ba abinda zamu nuna. Har yau in naji kiɗan da suke buɗe shirin dashi jikina rawa yake. Mutumin kuma ya koma wata tashar yana ci gaba.

Ummu Khairat: Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa can ta fi nan. Wlh kin sani kuka.

Baban Ilham: Allah ya gafarta mata. 'Yar uwa wannan magana ta "ba ra'ayinmu bane" bata wanke su ba ko kaɗan. Dokar abinci da magunguna ta hana tallata abu da sunan yana warkar da cututtuka irinsu suga da daji, kuma tallan magani ko na gargajiya ne sai da amincewar NAFDAC. Ga kuma ARCON, hukumar kula da tallace-tallace da ta maye gurbin APCON a 2022, ita ke tantance talla kafin ya fita. Kenan ƙofa uku ne da ya kamata su tare mutumin nan kafin ya kai kunnen Hajiya.

Maman Zahra: To ƙofa ukun ina amfaninsu in talaka bai san da su ba? Me zai hana a tilasta wa kowace tasha ta riƙa sanar da inda ake kai ƙorafi kullum, da Hausa, kamar yadda suke maimaita lambar mai magani sau goma a shiri ɗaya?

Garkuwa01: Shi yasa nace kotu. Hukuma ko ta kama su tarar dubu ɗari biyar ce, tallan sati ɗaya ya biya.

Dan_Boko: Wace dubu ɗari biyar? Miliyan 5 ce. Ka manta Trust TV a 2022 akan shirin 'yan bindiga? Miliyan 5. Vision FM akan shirin Idon Mikiya ma miliyan 5 har da dakatar da shirin.

Hafsy_M: Ni miliyan 3 na sani, ita aka ci Channels da AIT da Arise lokacin zanga-zangar EndSARS a 2020.

Tsohon_Furodusa: Dukkanku ba wanda yayi ƙarya, laifin da shekarar ne suka bambanta. Naira 500,000 ita aka ci tashoshi 45 a watan Maris 2019 bayan zaɓe. A watan Agusta 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya zuwa miliyan 5. Amma akwai abinda kuka tsallake, a watan Mayu 2023 babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke cewa NBC ba kotu bace, bata da hurumin cin tara, ta soke waccan ta 2019, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar. A Janairun 2024 wata shari'ar ma ta tafi a haka. Sannan ku sani ko an ci tarar ba aljihun mai ƙorafi take shiga ba. Abinda Baban Abu_Sadiq yake so ba tara bace dama, kuma tasha tafi tsoron takardar gargaɗi a fayil ɗinta ranar sabunta lasisi fiye da yadda kuke zato.

Dan_Boko: To duba jerin nan da kyau, duk wanda aka lissafa ai maganar siyasa ce ko tsaro. Ku kawo min tasha ɗaya da kuka ji an hukunta sbd ta ɓata sunan wani bawan Allah da ba kowa ba. Ai matsalar kenan, hukumar da shugaban ƙasa ke naɗa shugabanta tun kafa ta a 1992, ina kake so kunnenta yafi karkata?

Dariya_Dole: Ni shawarata Baba ya sa kati shima ya bugo shirin, yace mai gabatarwa ya ci masa bashi ya hana. Mu ga ko a ranar maɓallin katsewa zai yi aiki 😂😂

Ummu Khairat: Haba Dariya, ana maganar rasuwa da mutuncin dattijo.

Dariya_Dole: Afuwan Anti, Allah ya jiƙan Hajiya.

Yaya Bilki: Ni a Ingila nake zaune, kuma na taɓa shigar da ƙorafi wajen Ofcom, hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta can, akan wani shiri da aka nuna da rana yara na kallo, abin da bai kamata ya fito ba sai bayan ƙarfe 9 na dare. Fom ne a intanet, kyauta, ko kwabo ban biya ba, kuma basu nemi rikodin daga wajena ba, su ke karɓa daga tashar. Sharaɗin dai ka shigar cikin kwana 20 na aiki. Irin naka Abu_Sadiq su a wajensu rukuni ne daban, na rashin adalci ga mutum, kuma wanda abin ya shafa ne zai shigar ko wanda ya wakilta, dan haka ko a gida ina ga gara Baba ya sa hannu da kansa. Kuma kar kowa ya ɗauka yawan masu ƙorafi ne ke sa a hukunta. A 2021 mutum sama da 50,000 suka kai ƙarar mai gabatar da shirin talabijin Piers Morgan akan abinda ya faɗa game da Meghan matar Yarima Harry, suka bincika suka ce ba a karya ƙa'ida ba. A shekarar kuma suka ci tashar Loveworld fam 125,000 akan maganganun korona marasa tushe da zasu iya cutar da lafiyar mutane. Maman Zahra wannan shine ya tuna min da naki. Abinda yafi burge ni suna wallafa hukuncin da dalilansa kowa ya karanta, har waɗanda aka wanke.

Garkuwa01: Hajiya da girmanki, mutum na tambayar yadda zai yi anan kina bamu labarin Ingila. Wanda ke nan shi yasan yadda ake fama.

Yaya Bilki: Ƙanena kai da kake nan me ka bashi banda kotun da yace baya so? Ni aƙalla na taɓa cike fom ɗin.

Dan_Boko: Shi ma furodusan ai nasu ne, dole yace a fara zuwa tasha, so yake a kashe maganar a cikin gida.

Tsohon_Furodusa: Malam na bar aikin, ba abinda zan samu. Nace ya fara da tasha ne dan ko ya tafi hukuma kai tsaye tambayar farko da zai sha itace ka tuntuɓi tashar? me suka ce? Takardar nan mai hatimi itace amsarsa. Kuma in manajan mai hankali ne, a cikin sati za'a kira Baba sutudiyo, wanda ta hanyar hukuma zai iya ɗaukar lokaci mai tsawo, kafin nan magana ta gama gari.

Lauya_Mai_Jiran_Gado: Nidai ɗalibin shari'a ne ba lauya ba tukuna, amma abu ɗaya, kar Baba ya shiga sutudiyo da fushi ya kama sunan wanda yake zargi ya bugo, sai a juya ƙarar kansa. Ya karanta lissafinsa kawai. Kuma takardar lauya ba kotu bace, wani lokacin ita kaɗai ke sa a miƙe.

Hafsy_M: Takardar lauya ai kuɗi ce, ga hanya kyauta.

Lauya_Mai_Jiran_Gado: Kyauta a takarda, zirga-zirgar fa?

Abu_Sadiq: Nagode kwarai jama'a, Maman Zahra Allah ya jiƙan Hajiya. Na rubuta takardar yadda Malam furodusa yace, amma yanzu wata sabuwa, Baba yace in ya shiga rediyo waɗanda basu ji na farko ba ma yanzu zasu ji, wai magana zarar bunu ce. Yayyena biyu sun goyi bayansa, ni da ƙanwata muna ganin shiru kamar amsa laifi ne. Kuma har yanzu ba wanda ya gaya min ko a nan hukumar zata karɓa da sa hannuna ko dole sai nasa.

Baban Ilham: Ya sa hannu kawai ku huta. Amma tunda an taɓo masu magani, ni abinda ke ci min tuwo a ƙwarya masu tallan maganin maza ne. Ina tuƙi da yara a mota da safe za'a kai su makaranta, sai kawai mutum ya fara zayyano abinda ko a ɗaki ba'a faɗa, 'yata ta tambayeni ma'anar wata kalma wlh rasa inda zan sa kaina nayi, hannuna har rawa yake wajen neman maɓallin.

Ummu Khairat: Wannan kam ya zama ruwan dare. Ni na hana kunna rediyo in yara na gida.

Hafsy_M: Rediyo ma da sauƙi, aƙalla akwai lasisin da za'a riƙe su dashi. Mutanen nan fa duk sun koma TikTok da Facebook, can wa zaka kai wa ƙara? Ka danna rahoto a dawo maka da cewa bai saɓa ƙa'ida ba, dan na'urar bata jin Hausa.

Dan_Boko: To kar ku ja mana, daga an ce a sa ido a soshiyal midiya kun san masu sukar gwamnati za'a fara kamawa ba masu maganin ba.

Maman Zahra: Wanda nake magana akansa ma yanzu yana da shafi, jiya ƙanwata ta turo min, mabiya sun fi na da yawa. Waye ya san yadda ake kai rahoton irin wannan wajen NAFDAC? Wannan karon na sauke bidiyon a wayata.

Garkuwa01: Turo min ta inbox, akwai wanda na sani.

Yaya Bilki: A'a kar ki bi ta wanda aka sani, ki rubuta a hukumance ki riƙe kwafi.