Wa ya taɓa ganin gwale-gwalen da ake yi wa sababbin shiga ƙungiyoyin ɗalibai a Amurka?

Maman Abba, Kaduna:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wajen waɗanda suka yi karatu a Amurka ko suke zaune can. Yarona yana shekararsa ta farko a jami'a. Kwanakin baya ya ce mini yana neman shiga wata ƙungiyar ɗalibai maza, irin masu sunan haruffan Girka ɗin nan, wai tsofaffin 'yan ƙungiyar suna yi wa mutum hanyar aiki idan ya gama. Ban hana shi ba. To amma kiran bidiyon da muka saba yi duk Lahadi ya koma na murya, kuma ko a muryar ina jin gajiya. Na tambaye shi me suke yi idan sun taru, ya ce an hana su faɗa wa kowa. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai. Babansa ya ce in ƙyale yaro ya zama namiji. Don Allah wanda ya gani da idonsa ya faɗa mini gaskiya, kuma idan abu ya ɓaci, wajen wa ake kai kuka?

Injiniya B.:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni na shiga, na kuma fita kafin a rantsar da mu, don haka abin da ya same ni zan faɗa.

Farkon abin daɗi ne zalla. Su gayyace ka cin abinci, su ba ka riga, su kai ka kasuwa a motarsu. Ga baƙon da bai san kowa ba, ga sanyi, ga kewar gida, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai ka amsa gayyatar shiga sannan lokacin gwaji ya fara. Dole ka ɗaga waya ko ƙarfe nawa ne. Mu ne wanke-wanke, mu ne sharar gida bayan casu, ni kuma da yake ba na shan giya sai na zama direban dare. Akwai haddar sunayen waɗanda suka kafa ƙungiyar da haruffan Girka: a kunna ashana a ba ka, ka riƙe ta kai a ƙasa, sai ka karanto haruffan duka kafin wuta ta iso yatsanka.

Daren da ya fitar da ni, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa aka tara mu. Aka zagayo da kwando kowa ya jefa wayarsa. Daɓen siminti, ba takalmi, waƙa ɗaya tana ta maimaita kanta da ƙarfi. Duk wanda ya kuskure amsa sai ya sha giya. Da aka zo kaina babbansu ya dafa kafaɗata ya ce suna girmama addinina, ya ajiye mini galan na ruwa. Har godiya na yi masa. Galan ya ƙare aka kawo wani. Can kaina ya fara sarawa, yatsuna suka kumbura, na yi amai, aka ce in ci gaba. Wani ɗan'uwan gwajinmu ne ya ja ni waje ya ce zai kai ni bayi, muka sulale.

Daga baya na ji labarin Matthew Carrington, ɗan shekara 21 a jami'ar jiha da ke Chico, Kalifoniya. Ruwa aka yi ta ɗura masa a 2005 yana motsa jiki a ƙarƙashin gida har ya rasu, kuma da sunansa jihar ta yi dokarta. Don haka Hajiya, kada cewa yaronki ba ya shan giya ya kwantar miki da hankali.

Babu wanda ya kai ƙara a cikinmu. Sun riga sun cusa mana cewa da ƙafarmu muka zo, ni kuma tsoron biza ya cika ni. Ba mu kaɗai ba ne: binciken da Elizabeth Allan da Mary Madden na Jami'ar Maine suka fitar a 2008, a kan ɗalibai fiye da 11,000, ya nuna kashi 55 cikin 100 na masu shiga ƙungiyoyi da kulob-kulob an yi musu irin wannan, kuma kashi 95 na waɗanda suka gane an ci zalinsu ba su sanar da hukumar makaranta ba.

Tsohon ɗan kwana:

Hajiya ki yi haƙuri, ni ina ganin akwai gaskiya a maganar maigida. Mu da muka yi makarantar kwana a shekarun 1980, wane irin gwale-gwale ne ba mu sha ba? Tsallen kwaɗo, kamun kunne, ɗebo wa siniya ruwa da asuba cikin hunturu, wankin kayansa. Kuma yau waɗanda muka sha wuyar nan tare su ne aminaina, su ne suka tsaya mini a auren 'ya'yana. Ban ce a cutar da ɗan kowa ba. Amma ina tsoron kada mu tarbiyyantar da yara a kan kai ƙara duk lokacin da aka ɗaga musu murya.

Anti Nas:

Baba, da girmanka, bari in faɗi abin da nake gani. Aikin dare nake yi a sashen gaggawa na wani asibiti kusa da jami'a, kuma duk farkon zangon karatu mun san abin da ke tafe. Zumuncin da ka ambata gaskiya ne, amma wanda ya mutu ba ya nan balle ya ba da nasa labarin.

An taɓa kawo mana wani yaro gab da asuba. Abokansa suka ajiye shi a bakin ƙofa suka ja mota. Jikinsa sanyi ƙalau, leɓɓansa sun canza launi, an zane masa fuska da alƙalami, aljihunsa ba waya ba katin shaida. Mun yi ta kiransa "ɗan samari" don ba mu san sunansa ba. Allah ya yi da sauran kwanansa. Da ya farfaɗo, maganarsa ta farko ita ce kada a gaya wa makaranta.

Abin da ke kashe yaran nan, sau da yawa, jinkiri ne. Timothy Piazza, ɗan shekara 19 a jami'ar Penn State, an ba shi giya sau 18 cikin minti 82 a watan Fabrairun 2017, ya faɗo daga matattakala. Kyamarorin gidan ƙungiyar sun ɗauki komai. Maimakon 'yan ƙungiyar su kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka, sai suka kwantar da shi a kujera, suka goya masa jakar baya don kada ya juya, aka kwashe kusan awa 12 kafin a kira motar asibiti. Saifarsa ta fashe, ƙwaƙwalwarsa ta ji rauni, ya rasu. A shekarar dai Max Gruver ya rasu a Jami'ar Jihar Luwiziyana. Danny Santulli na Jami'ar Missouri ya rayu bayan abin da aka yi masa a 2021, amma ba gani, ba magana, ba tafiya.

Hajiya, ko da yaronki ba zai faɗa miki komai ba, ki sa ya riƙe wannan: wanda aka kasa tayarwa daga barci, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko yake amai bai san inda yake ba, a juya shi gefe a kira 911 nan take, kada a ce bari ya huta. Shekarar shan giya a nan 21 ce, shi ya sa yara ke tsoron kira. Amma jami'o'i da jihohi da dama sun yafe wa wanda ya kira neman agaji laifin shan, kuma dokar da Pennsylvania ta yi a 2018 da sunan Piazza tana da wannan kariya.

Ɗan Zongo a Atlanta:

Ƙarin bayani kaɗan, kada a ɗauka na fararen fata ne kawai ko na masu haruffan Girka kawai. Ni a ƙungiyar ƙwallo na gani: aske kan sababbi, tuɓe su, a sa su gudu cikin dare, koci kuma ya yi kamar bai sani ba. Robert Champion jagoran makaɗan fareti ne a jami'ar Florida A&M, abokan kiɗansa ne suka yi masa dukan da ya kashe shi a cikin bas a Orlando a 2011. A watan Fabrairun 2025 Caleb Wilson na Jami'ar Southern a Baton Rouge ya rasu bayan naushi a ƙirji wajen shiga ƙungiya. Yaranmu kan saki jiki idan sun ga baƙar fata irinsu, su ce ai 'yan uwa ne.

'Yar Maraɗi:

Mama, ni zan amsa ɓangaren kai kuka, don na yi aikin kula da bene a ɗakunan kwanan ɗalibai lokacin da nake digiri na biyu.

Akwai dokar tarayya ta 1990 mai sunan Jeanne Clery, yarinyar da aka kashe a ɗakinta a Jami'ar Lehigh a 1986, iyayenta suka gano an ɓoye wa mutane laifukan da aka sha yi a harabar. Duk jami'ar da ke cin tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayya dole ta wallafa rahoton tsaro kafin 1 ga Oktoba kowace shekara, da alƙaluman shekara 3. Idan tana da 'yan sanda ko masu gadi, dole su riƙe kundin laifuka na kullum wanda kowa zai iya dubawa. Kuma ana cin tara: a 2024 an ci Jami'ar Liberty dala miliyan 14 kan saɓa wa dokar.

Mu masu kula da bene, da kocina, da malaman da ke sa ido kan ƙungiyoyi, idan ɗalibi ya faɗa mana laifin da dokar ta lissafa, wajibi ne mu miƙa shi gaba. Na sami wata yarinya a ɗakin wanki tsakar dare tana wanke tulin kayan da ba nata ba, gwiwoyinta duk sun ƙuje. Kafin ta buɗe baki na gaya mata cewa duk abin da ta faɗa mini sai na kai sama, amma idan sirri take so, akwai masu ba da shawara na asibitin makaranta da malaman addini, su doka ba ta tilasta musu ba. Ta yi shiru, sannan ta zauna a kan injin wanki ta faɗa mini komai. An dakatar da ƙungiyar tasu. Ita kuma ta sha tsangwama daga ƙawayenta har ta canza ɗaki, wannan ma gaskiya ce da ya kamata a sani.

A lokacin gwale-gwalen shiga ƙungiya ba ya cikin abin da ake ƙirgawa. A Disamban 2024 Shugaba Biden ya sa hannu a dokar da ta shigar da shi. Jami'o'i sun fara ƙirga daga Janairun 2025, kuma rahoton Oktoban 2026 ne na farko mai ɗauke da alƙaluman. Sannan an wajabta musu wallafa sunan duk ƙungiyar da aka samu da laifi a shafinsu na intanet, da abin da ta yi da hukuncin da aka yanke, a riƙa sabuntawa aƙalla sau biyu a shekara. Injiniya, abin da suka tsorata ku da shi ma dokar ta toshe shi: ko ɗalibi ya yarda da kansa, gwale-gwale ne a idon dokar.

Sai dai Mama, idan kin duba kin ga sifili, kada ki ce shi ke nan. Abin da aka kai ƙara kawai ake rubutawa, kuma jerin sunayen na ƙungiyoyin da jami'a ta amince da su ne. Batun biza kuwa, tana rataye ne da ci gaba da karatu. Wanda aka dakatar ko aka kama shi ne ke cikin haɗari, kuma hakan ya fi kusa da yaron da ya zauna har shekara ta zagayo aka miƙa masa sababbi.

Malam Jami'a:

Ina karantawa ina tunanin namu na gida. Ƙungiyar Pyrates da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952 da manufar yaƙi da ƙabilanci ta fara, amma ƙungiyoyin asirin da suka biyo baya kowa ya san inda suka kai mu. Ranar 10 ga Yulin 1999 aka kashe ɗalibai 5 a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, har da sakataren ƙungiyar ɗalibai George Iwilade.

Wani ɗalibina ya taɓa shigowa ofis ya rufe ƙofa ya ɗaga rigarsa. Bayansa duk shatar bulala, an kai su daji da dare. Na ce mu je ofishin harkokin ɗalibai, ya riƙe hannuna yana roƙo, ya ce kafin yamma sunansa zai isa kunnen waɗanda suka yi masa. Ban iya rantse masa cewa ba haka ba ne. Kawunsa na kira, aka mayar da shi wata makaranta. Ba a rubuta komai a ko'ina ba, kuma uban da zai kawo ɗansa baɗi ba shi da takardar da zai duba. Wannan kundin da 'yar uwa ta bayyana, wallahi shi nake yi mana sha'awa.

Maman Abba, Kaduna:

Allah ya saka muku da alheri. 'Yata ta Maraɗi, ni da nake nan zan iya kai rahoto, ko sai shi? Kuma za su gaya masa ni ce?

'Yar Maraɗi:

Za ki iya, Mama. Ki shiga shafin jami'ar ki nemi ofishin shugaban harkokin ɗalibai, yawancinsu suna da fom na kai rahoton irin wannan, kuma da dama suna karɓa ba tare da suna ba. Ki rubuta sunan ƙungiyar, da ranakun da suke taruwa idan kin sani, da canjin da kika gani a jikinsa da maganarsa. Ki sani ba lallai su faɗa miki sakamakon ba, don dokar sirrin ɗalibai ta hana su buɗe bayanan wanda yake jami'a ba da izininsa ba. Idan kuma kin kira shi dare ɗaya kin kasa samunsa kuma hankalinki ya tashi, lambar 'yan sandan jami'ar tana shafin, suna ɗagawa dare da rana, ki ce su je ɗakinsa su duba lafiyarsa. Ki ajiye lambar a wayarki tun yau, ki kuma karɓi ta abokin ɗakinsa.