Tumbi bayan shekara 40: mi ke kawo shi, kuma ya ake rage shi?

Baban Khalifa, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nike nema. Shekarata 47, aikin gwamnati nike nan cikin Katsina, to tun da na haura 40 tumbi ke ta fitowa alhali a ganina abincin da nike ci bai ƙaru ba, shayi da biredi da safe, shinkafa da rana, tuwo da dare. Yanzu in na hau bene a ofis sai haki, in na daɗe a zaman tahiya gwiwa ta riƙe. Abokai na cewa ai hutu ne kuɗi sun zamna, amma ni abin na damuna sosai don mahaifinmu hawan jini ne ya kwantar da shi har Allah ya yi mashi rasuwa. Shekaru ne kawai ko akwai abin yi? Sannan shayin rage tumbin nan da ake talla a Facebook yana aiki kuwa?

Maman Ilham, nas:
Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya jiƙan Baba. Gaskiya ka yi daidai da ka damu don tumbi ba alamar hutu ba ce, kitsen da ke taruwa cikin ciki kewaye da hanta da hanji shi ne ya fi haɗari wajen jawo ciwon suga da hawan jini, ya fi na cinya ko na damtse illa. Abu na farko ka ari tef ɗin tela ka auna ƙugunka ta saitin cibiya, namiji in ya wuce santimita 94 ya fara shiga haɗari, in ya kai 102 abin ya yi yawa, mace kuma 80 da 88. Ko ka bi hanya mai sauƙi, kada awon zagayen ƙugunka ya kai rabin tsawonka.

Maganar shekaru kuma eh suna da hannu amma ba kamar yadda mutane ke ɗauka ba. Daga shekara 30 tsoka ke fara raguwa sannu a hankali, kamar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 duk shekara goma in mutum bai aiki da ita, kuma ita tsokar ce ke ƙona abinci. To ka duba da kanka, da kana saurayi ƙafa kake takawa ko keke, ga ƙwallo da yamma, yanzu daga mota sai kujerar ofis sai tabarmar majalisa, abincin bai ƙaru ba amma aikin da ke cinye shi ya tafi. Kuma ka ƙirga abin da ba ka ɗauka abinci ba, sugan shayi, madarar gwangwani, lemon kwalba wajen biki da suna. Kwalbar lemo guda ta 35cl akwai suga kusan ƙaramin cokali 9 a ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi kada babba ya wuce kamar cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi.

Shayin rage tumbi don Allah ka rabu da shi, yawancinsu gudawa da fitsari suke sawa, ruwan jikinka ne ke fita sikeli ya nuna ka ragu, kitsen na nan, kuma ba ka san mi aka haɗa a ciki ba balle ka san abin da zai yi wa ƙoda. Kafin komai ka je a auna maka jini da suga tun da akwai hawan jini a gida, in awon jinin na kai 140 bisa 90 sai ka ga likita.

Malam Mai Ritaya, Daura:
Ƙanena ni na haura 60 kuma alhamdulillahi har yanzu ina noma gonata. Abin da zan ce maka kada ka ɗauko abin da ba za ka iya riƙewa ba, na ga mutane da yawa sun sayi kambas da rigar atisaye sun yi sati biyu suna gudu sun watsar, wasu ma gwiwar suka ƙarasa. Tafiya ta ishe ka. Bayan asuba maimakon komawa barci ka taka da sauri na minti 30, irin saurin da za ka iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga, kwana biyar a sati ka samu minti 150 ɗin da likitoci ke faɗi. Masallaci ka tafi da ƙafa, cefane kusa da gida ka bar mashin. Kai da ke Katsina ma ga filin wasa na Muhammadu Dikko nan, ka samu abokin tafiya guda don ranar da kasala ta kama ka shi zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Tuwo kuma ban ce ka bari ba, in malmala biyu kake ci koma ɗaya ka yawaita miyar ganye, ka ci da wuri bayan magariba ba sai za ka kwanta ba.

Hajiya Uwar Biyu, Sabuwar Unguwa:
Ku yi haƙuri in sako namu a ciki, don mu mata abin ya fi mana wuya wallahi. Ga haihuwa, ga lokacin ɗaukewar al'ada wajen shekara 45 zuwa 55 kitse ya bar cinya da ɗuwawu ya dawo ciki, sannan tun muna 'yan mata ake nuna mana ƙiba ita ce kyau har wasu na shan maganin ƙiba daga kemis, yau ga shi ƙawayena da yawa sai a kan kujera suke salla. Kuma ba kowace ce miji zai bari ta fita zagaye ba. Ni a tsakar gida nike nawa, in yi ta kai da komo bayan asuba, in zamna kan kujera in miƙe sau goma in huta in sake, na koma yin shara da wankina wasu ranakun duk da akwai yara. Baban Khalifa ka haɗa da maiɗakinka a wannan tafiyar don tukunyar a hannunta take, ita za ta rage mai da gishiri da dunƙule, ta riƙa yi maku kwaɗon zogale da rama da wake, ita ma ta amfana.

Abba Layout:
Ni tambayata fura fa? Don mu nan in an ce a bar fura an gama da mu, kakanninmu ita suka sha kuma ba su yi tumbi ba.

Maman Ilham, nas:
Abba ba wanda ya ce a bar fura, gero abinci ne mai kyau, kakanninmu dai sun sha sun wuni gona da fartanya. Matsalar ita ce sugan da ake antayawa da kuma shan ta a kan abinci bayan an ƙoshi. In za a sha da rana to ta zama ita ce abincin, da nono ba suga ko ɗan kaɗan. Na manta ban faɗa ba Yaya, ba sai ka koma kamar saurayi ba, mai kilo 90 in ya sauke 5 ko 6 ya riƙe a haka ya rage haɗarin ciwon suga sosai, kuma ka haɗa da abin da zai ƙarfafa tsoka sau biyu a sati irin wanda Hajiya ta faɗa. Mai shan maganin suga kuma kada ya fara azumin rage ƙiba sai ya yi magana da likitanshi.

Baban Khalifa, Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na auna ƙugun yanzu da tef ɗin maiɗakina ya nuna 104, gobe in sha Allahu zan biya asibiti a duba jini da suga kafin in wuce ofis. Maman Ilham awon sugan sai ban ci komai ba ko zan iya karyawa in tafi?

Maman Ilham, nas:
Kada ka karya Yaya, a samu awa 8 ba ka ci komai ba, ruwa zalla dai ba laifi. Ka tafi da wuri, in an ba ka sakamakon ka rubuta shi da kwanan wata ka ajiye don a gwada da na gaba.